Haƙoran Garba

Daren Laraba, Panshekara

Hannuna a kumbure yake, da ƙyar nake riƙe biro.

Kullum lokacin hutun rana a kamfaninmu na roba a Challawa, mukan zauna bayan sito mu ji waƙa a 'yar sifikar Istifanus. Kowa da ranarsa. Ni kiɗan gurmi nake sawa, ko wani tsohon faifan waƙoƙin rege da na kusa haddacewa. Musa ɗan Nijar sai jitar Buzaye da waƙoƙin Indiya. Yau ranar Istifanus ce, ya sa waƙar coci da marigayiya mahaifiyarsa take so.

Sai ga Garba direban babbar mota. "Ku kashe mana wannan hayaniyar!"

"Malam Garba, ku yi haƙuri, ta kusa ƙarewa," in ji Istifanus.

Garba ya take sifikar ta tarwatse, ya kwaɗa wa Istifanus mari. Ban san lokacin da na tashi ba. Na naushe shi a baki ya faɗi, na hau kansa ina ta jibga har jini ya ɓata rigata. Istifanus ne ya janye ni yana ihu, "Sani, kashe shi za ka yi!" Haƙoran Garba biyu a ƙasa.

Manaja ya ce kada in dawo sai an neme ni. Ba wannan ke damuna ba. Lokacin da nake dukan Garba, wallahi daɗi nake ji. Astagfirullah. Gobe zan je asibiti in duba shi, ko da matarsa za ta tofa mini yawu.