Motar Yari Ba Ta Son Zama

Litinin, 3 ga Yuni, 2024
Yau ma ta mutu. Na shiga gefen fasinja, wurina, na miƙa hannu na murɗa makulli. Ta yi ta karkarwa kamar mai masassara, sai ɗif. Tun rasuwar mijina Yari bara ban taɓa fashin ɗumama motarsa da safe ba, ban kuma taɓa fitar da ita ba. In ban da kaji, ita kaɗai ke magana a gidan nan.

Alhamis, 6 ga Yuni
Glory ta kira daga Kaduna. "Mama, ki bari a sayar kafin ta zama akurki." Wai in ta zo ƙarshen wata ta tarar ba ta tashi, da mai saye za ta zo. 'Yar da na goya! Na ce ana ruwa, ba na jin ta sosai. Ba a ruwa.

Lahadi, 9 ga Yuni
Coci, gida. Na sake tuƙa tuwon mutum biyu.

Talata, 11 ga Yuni
Arzika makanike ya zo, abokin Yari ne tun suna samari. Zai matsa kujerar direba gaba, shi da yake gajere, na daka masa tsawa. Tana nan yadda mai dogayen ƙafafu ya bar ta. Ya janye hannunsa. Na ji kunya.

Ya buɗe bonet ya kwance wani ƙarfe da bai fi dunƙulen hannu ba, cikinsa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Bawul ɗin EGR, in ji shi. Wai aikinsa ya ɗebi hayaƙi kaɗan daga wanda zai fita ta salansa ya mayar wa injin, don wutar ciki ta rage zafi. In ana tafiya ya buɗe, in an tsaya ya rufe. Nawa kunkunniya ta riƙe shi a buɗe, ga mota tsaye tana shaƙar hayaƙinta maimakon iska.

"Malama Keziah, ina kika zuwa da ita?"

Na ce babu.

"To ke kinka shaƙe ta. Motag ga ba ta son zama."

Shekara guda ina cewa kula nake da ita.

Laraba, 12 ga Yuni
Ya ce ko ya toshe bawul ɗin da gwangwanin madara kamar yadda wasu ke yi, kada hayaƙi ya ƙara komawa, ko ya wanke. Na ce Yari bai taɓa yi wa motarsa kwaskwarimar gwangwani ba. Ya zauna gindin mangwaro da fetur da tsohon buroshin haƙori yana kankara. Na kawo masa kunu. Ya ba ni labarin ranar da birki ya ƙwace musu a hanyar Dirin Daji suka faɗa gonar dawa, Yari ya fito yana ba mai gona haƙuri kafin ya duba ko yana da rai. Na yi dariya har da hawaye. Daga baya hawayen kaɗai.

Ta tashi, lumui. Amma ya ce in ba a sa ta hanya mai nisa ta yi zafi sosai ba, za ta koma gidan jiya. "Ai Yari ya koya miki tuƙi filin makaranta, ina kallo."

Asabar, 15 ga Yuni
Ban tayar da ita ba. Tsit gidan.

Talata, 18 ga Yuni
Bilki ƙanwar Yari ta aiko da gyaɗa daga Ribah. Rabona da ita tun jana'iza. Dariyarta irin tasa ce sak, shi ya sa. Ba ta yi mini komai ba.

Asabar, 22 ga Yuni
Ribah. Don motar na je, ba wani abu ba. Ta mutu mini sau ɗaya a shataletale, amma laifin ƙafata ne, 'yan acaba suka yi ta hon. Bilki ta fito da gudu jin ƙarar injin, ta tsaya turus da ta ga ni ce. Mun daɗe riƙe da juna. Ta ce in dawo Asabar mai zuwa. Na ce sai na ga yadda motar ta yi.

Na matsa kujerar gaba. A inda ya bar ta, ƙafata ba ta kai kuloci.