Giwar da Ta Ari Muryar Inna

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki, yaya su Kawu Sale da yaran gida? Mu nan unguwar Shifa a ƙasar Larabawa lafiya lau, Baban Ummi kullum yana kan tuƙi.

Labarin takwararki Ummi zan ba ki, wadda kike ƙorafin Larabci take zuba miki a waya. Katun na talabijin ne ya koya mata. Ran Juma'a ta tambayi babanta me ya sa finafinan da take so kowanne da tambarinsa. Ya ce gidajen zane ne daban-daban, amma babban kamfani ɗaya ya mallake su, kamar uba mai 'ya'ya gari-gari. Ta ce, "Duk cikin 'ya'yan babu mai jin Hausa?" Ya ce babu.

Jiya ina wanke-wanke sai na ji kamar muryarki a falo. Na leƙa, ashe Ummi ce ta kashe sautin talabijin, tana ara wa wata tsohuwar giwa ta cikin katun muryarki: "Ke 'yar nan, kin ci abinci kuwa? Allah ya yi miki albarka." Har ɗan tarin nan naki sai da ta yi. Iyakar Hausarta ke nan, abin da kike gaya mata. Da ta ƙare, giwar ta ci gaba da motsa baki shiru, ni kuwa sai hawaye.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a. Don Allah in na kira, ki daɗe kina yi wa Ummi hira, ko ba ta amsa ba. Giwar nan na jiran sauran maganarki.

'Yarki,
Hadiza