Man da Ka Zuba wa Naka Baburin

Yaya Sale,

Sallama a gare ka. Na san ba mai karanta maka wannan a inda kake, kuma da kana raye ma ba za ka bari in kai ƙarshe ba.

Gida lafiya. Inna har yanzu tana ba masu zuwa gaisuwa labarin kirkinka. Ban hana ta ba.

A rabon gado baburinka ya faɗo hannuna. Shekaranjiya na kwance injin a garejina. Yaya, ƙarfen ciki sumul yake kamar madubi.

Ka tuna ranar da na ce maka man inji na gaske ba jiƙa ƙarfe kawai yake yi ba? Ƙwayoyinsa da ido ba ya gani jeruwa suke a jikin ƙarfen, sahu bisa sahu. Shimfiɗar ko kaurin ɓawon albasa ba ta kai ba, amma ita ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Na ce tsohon man da kake tacewa da tsumma kana sirkawa da kananzir ba ya jeruwa haka, da ya ji zafi sai ya watse. Ka yi dariya a gaban mutanen shagonka, ka ce mai duk mai ne, surutun makaranta nake.

Ashe ka yarda. Naka baburin bai taɓa shan abin da kake ɗura wa bayin Allah a sababbin galan-galan ba.

Ni na buɗe injin baburin Malam Ado na 'Yargoje, wanda ya sha man shagonka ya buga a hanyar Ƙanƙara ranar da maciji ya sari ɗiyarsa. Fistin ɗin duk ya ƙarje, ya yi baƙi ƙirin. Goya yarinyar Malam Ado ya yi ya ƙarasa asibiti da ƙafa, aka ce ya makara. Kai kuwa ka saka babbar riga ka je ta'aziyya, ka fi kowa ɗaga murya wajen cewa ƙaddara ce. A kan wane babur ka je, Yaya?

Ragowar man da ka bari a durom na raba wa manoman Mabai, suna shafa wa itacen rumbu saboda gara. Aikin da ya dace da shi ke nan. Baburin kuma na kai wa Malam Ado. Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban faɗa ba.

Ina yi maka addu'a saboda Inna ta ce in yi. Allah ya jiƙanka. Shi ya san wani alherin naka da ni ban gani ba.

Ƙaninka,
Isiya bakanike, Ƙanƙara