Sai da Hannun Uban Yarelis

Lahadi, 10 ga Yuli, 2005

Yau na ga Amurkawan da ake ta faɗa. Su biyu ne a gasar Mayagüez, kowa da tambarin jami'arsa a ƙirji, sun zo kallon 'yata Yarelis. Ɗaya mace ce, baƙa doguwa, daga Iowa, wai Koci Dorsey. Ɗayan namiji daga Florida, rana ta gasa shi ya yi jajir, Koci Kessler.

Yarelis ta ci maki ashirin da uku. Ni dai ƙwallon kwandon nan har yau ban gane kanta ba. A gudu can, a gudu nan, ba mai tsayawa ya yi tunani. Shekara goma sha ɗaya ina tsugunne bayan mai duka a filin besbol ina cafe ƙwallo, sai Allah ya ba ni 'ya mai ƙafa shida da inci biyu wadda ba ta taɓa riƙe sanda ba. Migdalia ta ce tsawon na danginta ne, in gode Allah da yarinyar ba ta ɗauko nawa ba. Matar tawa ke nan.

Da aka tafi hutu na sayi soyayyen alkapuriya, wato irin ƙosanmu na ayaba da nama, guda shida masu zafi na kai wa Koci Dorsey. Baƙuwa ce, haka aka koya mana. Ta ɗaga tafin hannu ta ce in yi haƙuri, ba za ta iya magana da ni ba, ta mayar da ido fili. A gaban mutane. Na tsaya sororo, takarda tana ɗigar mai a hannuna.

Shi kuwa Kessler, a wurin ajiye motoci ya same ni. Ya rungume ni, ya kira ni Don Heriberto, ya cinye huɗu yana yabon man. Wannan ɗan mutunci ne.

Litinin, 11 ga Yuli

Yarelis ta ce doka ce. Wai a watan nan masu neman 'yan wasa kallo kawai aka yarje musu, ba hira da yarinya ko iyayenta.

"Wace doka ce ta hana gaisuwa?"

"Papi, dokarsu. Shi ne ya karya, ba ita ba."

Ban yarda ba, amma abin ya tsaya min a rai. Lokacin da mai farautar 'yan besbol ya zo nemana, gidanmu ya shigo, ya sha kofin mahaifiyata, ya sumbaci hannun kakata. Ta yaya mutum zai nemi 'yar wani bai nemi fuskar ubanta ba?

Asabar, 16 ga Yuli

Tambayar da na rubuta da sabulu a madubin shagon aski wannan makon: me 'yan besbol ɗin Amurka ke nufi da gwangwanin masara? Wanda ya sani, askinsa kyauta. Don Chago, wanda shekara ashirin yake zama a bencina ko da gashi ko babu, ya ce abincin 'yan wasan da aka kora ne. Ƙarya. Ƙwallo ce da aka ɗaga sama a hankali, wadda ko makaho zai cafe. Ba wanda ya ci.

Na ba su labarin matar Iowa. Shago ya rabu biyu. Don Chago ya ce mace mai ƙin alkapuriya ba ta da tsoron Allah.

Talata, 19 ga Yuli

Waya sau ɗaya a mako aka yarje musu, shi ma doka. Dorsey ta kira Yarelis ƙarfe biyar daidai. Na laɓe a ƙofar kicin, Turancina na fili ne amma ina tsintar kalma. Ba ta yi zancen ƙwallo ba sai a ƙarshe. Darasin kimiyya take ta tambaya, da ko Yarelis ta taɓa ganin ƙanƙara tana zuba. Wace irin farauta ce wannan?

Kessler ya kira sau uku a makon nan, biyu a wayar shago. Ya ce wannan tsakaninmu maza ne.

Alhamis, 11 ga Agusta

An kawo akwati shago, ba sunan mai aikowa. Takalman ƙwallo farare da ratsin lemo, daidai ƙafar Yarelis. Launin makarantar Kessler ne, kowa ya gane. Na ɗora su a kan teburin madubi yini guda, duk wanda ya shigo sai ya shafa. Ni ma safar cafe ƙwallo aka fara ba ni a zamanina, sabuwa, tana ƙanshin fata. Alamar an ɗauke ka da daraja ke nan.

Juma'a, 12 ga Agusta

Na ɓata.

Profe Irizarry, kocinsu na makaranta, ya shigo shago kamar an jefo shi. Ya ce in yarinyar ta sa takalman nan labari ya kai can, za a iya hana ta buga wa kowace jami'a, gurbin karatun ma ya bi ruwa. Kyauta daga mai neman ɗan wasa haramun ce a wurinsu. Ya tambaye ni mutum nawa suka gani. Na ce kaɗan. Don Chago ya ce daga benci, "Rabin garin San Germán." Allah ya isa tsakanina da tsohon nan.

Yarelis ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, "Papi, ni ba kai ba ce, kuma wannan ba besbol ba ne." Ta wuce ɗaki. Da za ta fita ko albarka ba ta tsaya ta nema ba, abin da ba ta taɓa yi ba.

Litinin, 15 ga Agusta

Mun mayar da akwatin ta gidan waya, Profe ya rubuta takardar shaida. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Amma har yanzu Florida nake so. Awa biyu da rabi a jirgi, ƙanwata tana Orlando, akwai rana, akwai ayaba. Na duba Iowa a taswirar Yarelis. Tsakiyar ƙasa, ba teku ta kowane gefe. Mutanen can ina suke kallo in ransu ya ɓaci?

Profe ya ce a watan Nuwamba ake sa hannu, kuma takardar ba ta aiki sai da hannun uba ko uwa. Migdalia ta ce ita ba za ta sa ba sai na sa, don kada in shekara goma ina yi mata gori. To, magana ta dawo kaina.

Lahadi, 18 ga Satumba

Yanzu dokarsu ta yarda su zo gida. Kessler ya zo ranar Alhamis da furanni. Ya ce gurbin karatu na shekara huɗu tabbas, kuma daga ranar farko Yarelis ce a fili. Na jefa masa tambayoyin madubi uku, duk ya ci. Har agwagi a tafki ya sani, wato 'yan wasa suna tsaye a sansani suna jiran a koro su gida.

Yau Dorsey ta zo, hannu rabbana. Ta ci shinkafa da waken gandules faranti biyu, ta suɗe cokali, Migdalia sai washe baki take. Sannan ta dube ni ta ce ƙanshin abin da na kai mata a Mayagüez ya bi ta har cikin jirgi, ba ta taɓa jin haushin doka irin na ranar ba. Na yi kamar ban ji daɗi ba.

Na gwada ta: mene ne kayan jahilci? Ta ce ba ta sani ba, in faɗa mata. Na ce sulken mai tsugunne ne, da abin fuska da na ƙwauri, wai sai wawa ke yarda a riƙa jifansa da ƙwallo yini guda. Ta yi dariya har da buga tebur. Ta tambaye ni to me ya sa na zaɓi wurin. Ba wanda ya taɓa tambayata wannan. Na ce domin daga nan ne kaɗai mutum ke ganin fili gaba ɗaya.

Sai na yi tambayar da ta hana ni sukuni tun Yuli. In gwiwar Yarelis ta tafi fa?

Yarelis ce ke fassara. Dorsey ta ce, "Takardar ta shekara ɗaya ce, ana sabuntawa. Ba ni da ikon rubuta maka huɗu, kuma ba mai shi. Ban taɓa sallamar yarinya don ta ji ciwo ba, amma kada ka yarda da bakina." Ta rubuta lambobin waya uku. Ɗaya ta uwar yarinyar da gwiwarta ta tsinke, ɗaya ta wadda ta gama karatu, ɗaya kuma ta uban wadda ta bar makarantar cikin fushi. Ta ce in fara da mai fushin.

Wane ɗan kasuwa ne ke ba ka lambar wanda ya zage shi?

Laraba, 21 ga Satumba

Na kira mai fushin, da Turancina na guragu. Ya ce matar nan ba ta da sassauci, ta ajiye 'yarsa a benci wata biyu saboda fashin aji. Na tambaye shi ko ta taɓa yi masa ƙarya. Ya ce a'a, shi ya sa ma ya fi jin haushi.

Uwar mai gwiwa ta riƙe ni rabin awa. Rabi na gane. Yarinyar tana ajin ƙarshe, aikin jinya take karanta, ba ta ƙara bugawa ba.

Lahadi, 16 ga Oktoba

Wasan share fage a Ponce. Ina zaune ina cin gyaɗa sai idona ya sauka a ƙafar doguwar yarinyar Ponce. Farare da ratsin lemo. Na leƙa bencin 'yan Yauco da ke jiran nasu wasan, ga wata ma da su. Na lallaɓa wurin uban ta Ponce, muka taɓa hira. Shi ma Kessler ya ce masa shekara huɗu tabbas, daga ranar farko ita ce a fili. Wuri ɗaya suke bugawa da Yarelis.

A hanyar dawowa na ba Migdalia da Yarelis labarin da ban taɓa bayarwa cikakke ba. Mutumin da ya sha kofin mahaifiyata ya kai ni Amurka ina ɗan shekara goma sha takwas. Wata goma sha huɗu na yi. Kafaɗa ta lalace ranar Talata, ranar Juma'a aka miƙo min tikitin jirgi a ambulan. Na kira shi sau bakwai daga filin jirgin, bai ɗaga ba. Na dawo ba takardar makaranta, ba kafaɗa, sai safar nan. Kuma duk shekarun nan in na tuna shi, hannun kakata da ya sumbata nake tunawa. Ana cewa wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni macijin na sake rungumewa don ya iya gaisuwa.

Migdalia ta ɗora hannu a ƙeyata.

Litinin, 7 ga Nuwamba

Yarelis ta faɗa min a fili, Iowa take so. Na ce mata ga jami'a nan Mayagüez, minti ashirin, su ma suna da kwando. Gaskiyar ke nan da nake ɓoyewa bayan Florida: ba na son ta je ko'ina. Tsoro nake ji. Ina ganinta ita kaɗai a wani filin jirgi da ambulan a hannu.

Ta ce, "In sun dawo da ni, Papi, ai nan zan dawo. Kai da ka dawo, wa ya mutu?"

Bakin uwarta ta ɗauko.

Laraba, 9 ga Nuwamba

Ofishin Profe, ƙarfe takwas na safe. Yarelis ta sa hannu, ta turo min biro. Na karanta takardar tun daga sama har ƙasa, har ƙananan rubutun, Profe yana ta duba agogo. Shekara ɗaya, kamar yadda matar ta faɗa. Ba ƙari ko ɗaya.

Na sa. Injin faks mai aika takarda ta waya ya ja takardar a hankali yana kuka. Yarelis ta sunkuyo, don sai ta sunkuyo take kai wa kunnena, ta ce, "Sa min albarka, Papi." Na sa mata. Na fita waje ina share ido, na ce musu hayaƙin injin ne.

Ban ce na yarda da Iowa ba. Hannu kawai na sa.

Asabar, 12 ga Nuwamba

Ban buɗe shago ba yau. Shekara ashirin da biyu ban taɓa rufewa ranar Asabar ba, ko ranar da aka haifi Yarelis. Na ce wa Migdalia reza zan sayo a San Juan.

Ashe rigar sanyi wuya take a tsibirin nan. Kanti biyar na shiga. A na shida na samu wata mai kauri kamar katifa, da hula a jikinta. Na sa, ta kai min ƙwauri, yaran kantin suna ƙunshe dariya. Da jikina ba zan gane komai ba, sai na roƙi mai gadin ƙofa, wani dogo, ya sa ta ya ɗaga hannu sama kamar zai jefa ƙwallo. Hannun rigar bai zame daga wuyan hannunsa ba. Ya tambaye ni ta wa ce. Na ce ta 'yata, jami'a za ta buga wa a Amurka. Na ji yadda maganar ta fito daga bakina, kamar mai shela.

Sai watan Agusta za ta tafi, na sani. Sanyin ma sai bayan nan. Na ɓoye rigar a saman kabad.

Migdalia ta tambaye ni ina rezar. Na manta ban saya ba.