Masu Dubiyar Takarda

Inna,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar taki? Ya su Nassirou?

Lafiyata lau a Alexandria, sai ɗan ciwon baya wajen ɗaga tsohon da nake jinya. Shi ƙuruciyarsa duk a tara zanen tawada na 'yan China ta ƙare. Jiya 'ya'yansa suka zo, wai dubiya! Suka zura farar safar hannu suna lallaɓa takarda kamar jaririya, suna gardamar wanda zai gaji zanen duwatsu. Uban na kwance yana jin su, ko hannunsa ba wanda ya riƙe. Tir! Ni bare ce na yanke masa farce.

Inna, ke wa ke yanke miki yanzu?

Allah ya bar mana ke.

'Yarki,
Hairat