Robar da Na Kai Gidan Suna

Malama Muhibba, assalamu alaikum. Ki taimake ni da shawara, lokaci ya ƙure mini. Ban yi makaranta ba, boko a allunan titi na tsince shi, inda rubutun ya karkace ki miƙe shi, amma kada ki taɓa maganata.

Ni direban gida ne a Riyad, a unguwar Al-Ud nake. Na zo garin nan tun ana ganin raƙuma a inda yanzu gadoji suke, kuma gida ɗaya na yi wa aiki har gemuna ya yi fari. A bana, da aka ba matan ƙasar nan izinin tuƙi, 'yan matan da na riƙa kaiwa makaranta kowacce ta karɓi lasin. Kafilina, wato maigidan da nake ƙarƙashinsa, ya kira ni ya yi godiya, ya ce bayan babbar salla za a buga mini bizar fita ba dawowa. Ban yi kuka ba, kuma ba wannan ya kawo ni ba.

Ɗana Uwais ne matsalar. A nan aka haife shi, Larabci ya fi Hausa zama a bakinsa, yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani kamfani. Ni na koya masa mota, yadda aka koya mini: kofin shayi cike a gaban mota, ka tuƙa daga Al-Ud zuwa Shumaisi, in ya ɗiga, rankwashi. Ya sha rankwashi, ba na ɓoyewa, amma ya fito direba mai hannu kamar auduga. Sai ga shi da aurensa da komai ya sayi wata ƙaramar mota ta hannu ya shiga wani wasa wai otokuros. Ranar Juma'a bayan la'asar suke taruwa a wani filin ajiye motoci a bayan gari, su jera robobin nan masu tsini da 'yan aikin titi ke sawa, mota ɗaya ta shiga ta yi ta lanƙwasa tsakaninsu, agogo na ƙirga. Wanda ya ture roba a ƙara masa lokaci. Ba fasinja, ba inda za a je, a ƙone taya a koma gida.

Shi da bakinsa ya roƙe ni in zo in gani. Na je. Malama, na ƙarshe yake zuwa, kullum na ƙarshe. Ya taka birki tun kwana na nesa kamar ya ɗauko mai naƙuda, in ya ji kunya kuma sai ya danne totur ya share robobi kamar mai girbin dawa.

Ni kuwa na san abin da mota take yi wa mutum. Maƙabartar Al-Ud tana bayan gidana, kuma babu direban ƙasarmu da aka kai can da na manta sunansa. Maiwada, wanda tirela ta naɗe a hanyar Makka. Ɗanbala, wanda barci ya sace. Saidou mutumin Maraɗi, da hannuna na wanke shi. Iyalansu ma sun daina ambatonsu, ni ban daina ba. Saboda haka na tsaya a bakin shinge, duk robar da Uwais ya ture sai in ɗaga murya in kira ta da sunan ɗaya daga cikinsu. Wannan Maiwada ne, Allah ya jiƙansa. Ga Ɗanbala nan ya tafi. Samarin wurin suka tambaya me nake cewa, na fassara musu, suka yi ta dariya, har suka laƙaba masa mai haƙa kabari. Sati bayan sati ina zuwa, maimakon ya gyaru sai ƙara lalacewa yake. Har ta gilashi nake hango idonsa yana nemana.

Rannan wata roba ta maƙale a ƙarƙashin motarsa, ya ja ta har bakin layi, ta fito a murƙushe. Na sa ta a buhu na tafi da ita. A satin ne matarsa Bilƙisu ta haihu, namiji, aka sa masa Kamil. Ranar suna a gidansu na Suwaidi, gaban surukansa da abokan aikinsa, na miƙa masa ƙunshi. Ya buɗe yana murmushi. Na ce masa wannan shi ne kofin da ya ciyo wa zuriyarmu, kuma tunda matattu sun ƙare mini, wannan sunanta Kamil.

Ya ajiye ta a hankali ya shige ciki. Tun ranar bai taka gidana ba, ba ya ɗaukar wayata. Uwarsa Sabuwa tana ajiye mini abinci kamar mai ajiye wa baƙo. Na ji wai har yanzu yana zuwa filin, har yanzu na ƙarshe. Robar kuma aka dawo mini da ita, tana bayan ƙofa.

Ban ga laifina ba, gaskiya na faɗa. Ki gaya mini abin da zai yi ya iya wannan shirmen, ko abin da zan yi ya bari. Ba na so in hau jirgi ɗana yana abin dariya. Kuma ba na so in hau babu wanda ya kai ni filin jirgi.

Tsohon Direba, Al-Ud.

Wa'alaikassalam, Baba.

Na bar maganarka yadda take, ga tawa. Tsoronka ba na banza ba ne. Wanda ya wanke gawar abokinsa yana da dalilin ƙin jin kukan taya. Amma matasan da ya kamata ka ji wa tsoro su ne masu juya mota a titin jama'a. Ɗanka ya zaɓi fili killatacce, da hular kwano, da masu lura, mota ɗaya a lokaci guda, abin da zai buge kuma roba ce. Wannan tarbiyyarka ce take aiki, ko ba ka gane ta ba.

Abin da ka yi ranar suna kuwa mugunta ce, ba ta da wani suna. Jariri ɗan mako ka haɗa da matattu don a yi dariya. Su Maiwada ma ba ka kyauta musu ba, ka riƙe sunayensu shekaru don addu'a, ka zo ka mayar da su tsumagiya.

Game da tuƙin, na tambayi masu wasan. Sun ce na ƙarshe kusan kowa ke zuwa da farko. Uwais ya riƙa isa da wuri, ya zagaya hanyar da ƙafa har ya haddace kwanoninta. Ya roƙi gwani ya zauna kusa da shi, shi ma ya shiga motar gwani ya ga inda ake taka birki. Ya duba iskar taya, ya gyara kujera yadda hannu zai isa sitiyari ba miƙewa. Kada ya kashe kuɗi a kan mota tukuna, direban ne ke buƙatar gyara. Ya ɗauki abu ɗaya a kowane zagaye, misali ya jinkirta birki kaɗan kaɗan, kada ya gyara komai lokaci guda. Laushin hannun da kofin shayi ya ba shi dukiya ce, wasu shekaru suke yi suna nemansa. Rankwashin ne bai sake shi ba, har yau yana tuƙi kamar kofin na nan.

Babban darasinsu shi ne ido. Inda direba ya kalla, nan mota take zuwa. Mai kallon robar da yake tsoro, ita zai taka, dole ya ɗaga kai ya kalli kwanar da ke gaba. Kai da kanka ka rubuta inda idon Uwais yake. Ba hanya yake kallo ba, Baba, kai yake kallo.

Saboda haka kada ka aika masa wannan shawarar, daga gare ka ba za ta shiga ba yanzu. Ka mayar wa masu filin robarsu, ba taka ba ce. Ka tafi Suwaidi da ƙafarka, ka nemi gafarar Bilƙisu kafin ta mijinta, a gaban iyayenta inda ka yi ɓarnar. Ka ɗauki Kamil ka yi masa addu'a da sunansa. Uwais yana iya ƙin fitowa, ka koma, ka sake komawa. Ban yi maka alkawarin zai huce kafin jirginka ba, wannan ba a hannunka yake ba kuma.

Filin wasa kuwa kada ka sake zuwa sai ya kira ka. In ya kira, ba bakin shinge ba, ka sa hular kwano ka shiga kujerar mai zaman banza. Ka yi shekaru kana tuƙa mutane suna shiru a bayanka, ka san yadda ake yi. In roba ta faɗi, ka bar ta roba.

Allah ya sassauta zuciyarka da tasa, ya raya Kamil, ya kai ka gida lafiya.

Muhibba