Kunnen Hagu

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Inna da yara?

Ni lafiya lau. Har yanzu ina rumfar gwaji, ina sauraren injin kowane kan jirgin ƙasa mai dizal kafin a tura shi ƙasashen waje. Ka san da kunne nake cin abinci. To, na hagun ya ɗan fara gardama, amma ba wani abu ba ne. Sai dai jiya oga ya ji wata ƙara da ni ban ji ba, ya dube ni. Litinin likitan kamfani zai auna mu. A taya ni da addu'a.

In Inna ta ce ba na amsa maganarta a waya, ka ce mata layin ne ba kyau.

Ƙaninka